Darasi na 11: Noman Tumatir Mai Ratsi a Lambun Gida

Duk wanda ya shiga kasuwar Aboabo da ke Tamale a watan Fabrairu ko Maris zai tarar da tumatir jibge cikin akwatunan katako, ja wur, kusan girmansa ɗaya. Mafi yawansa ba a ƙasar Dagomba aka noma shi ba. Wani daga Burkina Faso ya shigo ta iyakar Paga, wani kuma daga lambunan rani na wajen Navrongo da Bolgatanga, inda madatsun ruwa na Tono da Vea suke. Irin da aka fi shukawa domin kasuwa shi ne Pectomech da 'yan uwansa, masu kaurin fata da taurin tsoka, saboda su ne suke jure girgizar mota daga arewa har Kumasi da Akra ba su fashe ba. Tumatirin ɗan kasuwa ke nan, kuma ya dace da aikin da aka zaɓe shi dominsa.

Darasinmu na yau a kan wani tumatir ne dabam, na cin gida, wanda fatarsa take da ratsi-ratsi daga wajen mariƙi zuwa ƙasa. Da wuya ku gan shi a kasuwanninmu, kuma ba don ku cika gona da shi muka kawo shi cikin wannan littafi ba. Gindi goma a bayan ɗaki sun isa. Dalilin kawo shi biyu ne. Yana da ɗanɗano idan an ci shi ɗanye, sannan irinsa yana maimaita kansa: wanda ya same shi sau ɗaya, ya iya ajiye shi, ba zai sake zuwa shago nemansa ba. Amma a garin Tamale yana da sharaɗi mai tsauri, shi ne a shuka shi a kan lokaci. Wanda ya kuskure wata, duk takin da zai zuba da ruwan da zai ɗebo ganye kawai za su ba shi.

Wane irin tumatir ne wannan?

Asalin tumatir Kudancin Amurka ne, yankin ƙasashen Peru da Ekwado. Mutanen Meksiko ne suka mai da shi amfanin gona, Sifaniyawa kuma suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga can ya bazu duniya. A yau ire-irensa sun kai dubbai: ja, rawaya, kore, mai duhu, dogo, mulmulalle. Masu ratsi rukuni ɗaya ne a cikinsu, kuma guda uku ne ya kamata ku san sunayensu.

Tigerella a Ingila aka samar da shi. 'Ya'yansa ƙanana ne, ba su wuce ƙwan kaza ba, jajaye masu ratsin ruwan lemo. Yana nuna da wuri, kimanin wata biyu bayan dashe, yana kuma zuba 'ya'ya da yawa. Green Zebra wani mai haɗa irin tumatir da dankali a Amurka, Tom Wagner, shi ya fitar da shi a 1983. Ko ya nuna kore ne: in kun ga yalo mai ratsin kore a faifan mai talla, to kun ga kamanninsa. Yana da ɗan tsami mai daɗi, kuma yakan ɗauki wata biyu da rabi bayan dashe. Na uku Speckled Roman, dogo ne, ja mai ratsin ruwan zinariya, tsokarsa da kauri, ruwansa kaɗan, don haka ya fi sauran biyun dacewa da miya.

In aka ce in zaɓa wa mai farawa, Tigerella zan ce. Tumatir mai ƙananan 'ya'ya ya fi mai manya iya riƙe fure idan zafi ya taso, kuma saurin nunarsa yana sa a kwashe amfani kafin bazara ta kama. A yi hattara da suna guda: Mr. Stripey. Wani lokaci Tigerella ake sayarwa da wannan suna, wani lokaci kuma wani ƙaton tumatir ne mai jinkirin nuna, wanda ba zai ji daɗin yanayinmu ba. A dubi hoton da bayanin da ke jikin takardar.

Abin da ya haɗa waɗannan ukun shi ne ba iri mai aure ba ne. Iri mai aure, wanda za ku ga an rubuta F1 a jikin gwangwaninsa ko takardarsa, kamfani ne yake haɗa iyaye biyu duk shekara ya fitar da shi. Yana ba da amfani mai yawa, sau da yawa kuma yana jure cututtuka, amma idan kuka ɗebi iri daga 'ya'yansa kuka shuka, abin da zai fito ba zai zo bai ɗaya ba: wani dogo, wani gajere, wani mai kyau, wani shirme. Shi kuwa irin gado, kamar waɗannan ukun, abin da kuka shuka shi za ku girba, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa. Sai dai a faɗi gaskiya: waɗannan masu ratsin ba a yi su domin ƙasarmu ba, kuma ba su da kariyar cututtuka irin wadda aka sa wa sababbin ire-iren kasuwa. Shi ya sa suke bukatar idon mai su kullum, shi ya sa kuma lambun gida ne wurinsu.

Wajen samun iri, a fara tambaya a shagunan kayan gona da wurin malamin gona na unguwa. Idan ɗan uwa ne zai aiko daga ƙasar waje, a sani cewa dokar tsirrai da takin zamani ta Ghana ta 2010, doka mai lamba 803, ta ce sai da izini ake shigo da iri. Sashen kare tsirrai na Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona ne yake ba da izinin. Ba wahalar da mutane ake so a yi ba, cuta da ƙwari ne suke bin iri su tsallaka iyaka. Takarda ɗaya mai ƙwaya 30 ta ishi mutum uku gwaji.

Lokacin shuka

Nan ne zuciyar darasin, don haka a karanta da natsuwa.

Furen tumatir shi yake yi wa kansa barbara, da garin da ke cikinsa. Wannan gari ba ya son zafi. Idan zafin rana ya dinga wuce digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Selsiyos, dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da digiri 22 ko makamancin haka, garin yakan lalace, furen ya bushe ya kakkaɓe ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Zafin dare ya fi na rana ɓarna, domin da dare ne shuka take hutawa.

To, mu dubi shekararmu. Damina ɗaya gare mu, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ruwan da muke samu kimanin milimita 1,100 ne a shekara, kuma Agusta da Satumba ne ya fi ƙarfi. A lokacin ganye ba ya bushewa, cututtukan ganye suna yaɗuwa, tumatir mai siririyar fata kuma yana tsagewa da zarar ya sha ruwa ya ƙoshi. Maris da Afrilu kuwa kowa ya san su: rana tana kai digiri 40, dare ma mutane a tsakar gida suke kwana. Abin da ya rage mana shi ne hunturu, Disamba da Janairu, lokacin da dare yake sauka wajen digiri 20 ko ƙasa da haka. Ko a lokacin ma ranarmu tana da zafi, amma sanyin dare yana cetar fure.

Saboda haka lissafin daga baya ake faro shi. Ana so fure ya buɗe daga farkon Disamba. Tumatir yana fara fure kamar mako huɗu bayan dashe, ke nan dashe a farkon Nuwamba. Reno yana cin mako huɗu, ke nan a zuba iri a farkon Oktoba, ko ƙarshen Satumba. Wanda ya bi wannan zai fara tsinkar Tigerella a watan Janairu, ya ci gaba har Fabrairu. Wanda ya jira sai ya ji sanyi a jikinsa sannan ya zuba iri a Disamba, furensa zai faɗa cikin zafin Fabrairu da Maris. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma mai shi yakan ɗora laifin a kan iri.

Ƙasa, reno da dashe

Ƙasar Tamale a wurare da yawa ba ta da zurfi. Ana haƙa kaɗan sai a ci karo da tsakuwa ko marmara, kuma ba ta da wadatar ruɓaɓɓen taki. Wanda bayan gidansa yake da ƙasa mai kyau ya ja fangali mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 3, ya yi layi biyu, tsakanin gindi da gindi santimita 60. Gindi goma ke nan. Ya haɗa ƙasar da bokiti huɗu ko biyar na takin dabbobi da ya ruɓe sarai, mako biyu kafin dashe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, sai ya daɗe a rami ya huce.

Kada a dasa inda aka cire tumatir, barkono, attarugu, gauta ko yalo a bara. Dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, kuma tana kwana a ƙasa. Bayan masara ko albasa ya fi.

Wanda yake gidan haya a unguwar Sabonjida ko Lamashegu, tsakar gida duk siminti, ya nemi buhun shinkafa. A naɗe bakinsa ya dawo rabi, a huda gindinsa wuri shida ko takwas, a cika da ƙasar sama kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, ɓuntun shinkafa kashi ɗaya. Ɓuntu ba ya wuya a garin nan saboda injinan casa, kuma in an ɗan babbaka shi ya zama baƙi ya fi kyau. Gindi ɗaya a buhu ɗaya. A jera buhunan kusa da juna don rana kada ta gasa gefensu.

Reno a tsohuwar roba ko akwati ya fi sauƙi, domin ana iya janye shi ƙarƙashin rumfa idan ruwan ƙarshen damina ya sauko da ƙarfi. A sa iri zurfin santimita ɗaya, kamar rabin gaɓar yatsa, a bar tazara tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Cikin kwana biyar zuwa goma zai tsiro. A lulluɓe renon da tsohon gidan sauro da aka ɗora a kan 'yan sanduna, yana rage ƙwarin da ke kawo cuta tun shuka tana jaririya. Tsohon da aka daina amfani da shi nake nufi. Kada a cire wanda yara suke kwana a ciki saboda tumatir.

Idan tsiro ya yi ganyen gaske huɗu ko biyar ya isa dashe. A makon ƙarshe a rage masa ruwa, a riƙa barinsa a rana, don ya yi ƙwari. A dasa bayan la'asar, a binne karan har kusa da ganyen farko, domin karan tumatir yana fitar da saiwa duk inda ƙasa ta rufe shi. A shayar nan take.

Kafin dashe a gama shinge. Awakin Tamale da tumakinta da zabinta ba sa jiran gayyata, kuma aikin wata biyu akuya ɗaya takan gama da shi kafin a idar da sallar azahar. Zana tana aiki biyu: tana tare dabba, in kuma aka kafa ta ta arewa maso gabas tana karya iskar hunturu. Idan akwai bango ko bishiya da za ta jefa inuwa daga azahar zuwa la'asar, alheri ne, muddin shuka tana samun ranar safe har zuwa tsakar rana.

Ruwa

Ba sai an gaya wa mutumin Tamale darajar ruwa a rani ba. Famfon da ke zuwa daga Dalun ba kullum yake kawowa kowace unguwa ba, rijiya kuma ba ko'ina take ba da ruwa ba. Shi ya sa muka tsaya a gindi goma. Ƙaramar shuka tana bukatar kamar lita ɗaya a rana, mai 'ya'ya lita biyu zuwa uku. Ke nan a lokacin da bukata ta fi yawa, jarka ɗaya irin rawayar nan da ake kira galan Kufuor tana kusan isar lambun duka a yini. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ko ganye, in aka tara su a bokiti, suna rage nauyin. Ban da ruwan wanki mai sabulun gari, ban da na kwata, tunda wannan tumatir ɗanye za a ci shi.

A zuba ruwa a gindi da safe, kada a watsa a ganye. A rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, kaurin yatsa huɗu, amma a bar ɗan fili kewaye da kara saboda gara. Wanda yake da tsohon tulu na yumɓu ya binne shi har wuya tsakanin gindi huɗu, ya riƙa cika shi yana rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali zuwa saiwa.

Abin da tumatir ya fi ƙi shi ne yau ƙishirwa, gobe ambaliya. Hakan yana jawo abu biyu. Ɗan da ya kusa nuna yakan tsage. Ƙarami kuma ƙasansa yakan yi baƙi ya lotsa. Mutane da yawa suna ganin wannan baƙi sai su ruga sayen maganin feshi, alhali ba ƙwaro ba ne, ba cuta mai yaɗuwa ba ce. Sinadarin kalsiyam ne bai kai ƙarshen ɗan ba, saboda ruwan da ke ɗauke da shi ya yanke. Maganinsa ruwa daidai gwargwado kowace rana. Dogon tumatir irin Speckled Roman ya fi saurin kamuwa.

Mai son ƙara takin zamani ya sa NPK 15-15-15 cikin murfin kwalbar ruwa ɗaya ga kowane gindi, mako biyu bayan dashe, nesa da kara kamar faɗin tafin hannu, ya rufe da ƙasa. Ya maimaita idan 'ya'ya sun fara ƙullawa. Yawan yuriya ganye yake ƙarawa.

Turke da toho

Pectomech gajere ne, yakan tsaya da kansa ya zuba 'ya'ya kusan lokaci guda. Masu ratsin nan uku ba sa daina tsawo muddin suna raye. Ranar dashe a kafa wa kowane gindi sanda mai tsawon mita biyu, a riƙa ɗaure kara da tsumma, sako-sako, duk mako. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka bari ya kwanta a ƙasa, ɗaga shi karya shi ne.

A tsakanin kara da kowane ganye wani toho yakan fito. Littattafan Turai suna cewa a cire duka a bar kara ɗaya. Wannan shawarar ƙasar da rana ba ta da ƙarfi ce. A nan, ɗan tumatir da ba shi da inuwar ganye rana takan ƙone gefensa ya yi fari. Ku bar kara biyu ko uku, ku cire sauran toho da yatsa tun yana ƙarami, ku kuma cire ganyen da ke taɓa ƙasa. Da hantsi, idan fure ya buɗe, a ɗan girgiza sandar don garin fure ya zuba inda ake so. Mai shan taba ko mai murza ta ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa shuka, domin akwai cutar ganye da take tasowa daga taba.

Ƙwari da cututtuka

Babban abokin gaba a rani shi ne farin ƙuda, ɗan mitsitsin ƙwaro da ke ɓuya a bayan ganye, in an taɓa shuka ya tashi. Shi yake ɗauko cutar da ke sa ganyen sama ya nannaɗe, ya ƙanƙance, ya yi rawaya, shuka ta tsumbure. Wadda ta kamu ba ta warkewa. A tuge ta a binne, ko da zuciya ba ta so, don a tsirar da sauran.

Na biyu tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoman Kano suke kira sharon. Daga Kudancin Amurka ta fito, kuma a 2016 ta yi wa tumatirin arewacin Najeriya ɓarnar da har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta. Ta iso Ghana ita ma. Tana shiga tsakiyar ganye ta cinye koren, ta bar wani farin tabo mai shara-shara, daga baya ta huda 'ya'ya. A gindi goma hannu ya fi feshi aiki: a duba kowace safiya, a tsinke ganyen da ta shiga, a ƙone.

Bishiyar nim, wato dogon-yaro, ta cika garin nan, kuma 'ya'yanta magani ne. A daka busassun ƙwayoyinta rabin kilo, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa su kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulun wanka kaɗan a ciki, a fesa da yamma har bayan ganye, sau ɗaya a mako. Ba ya kashe ƙwari nan take, hana su ci da hayayyafa yake yi, saboda haka tun kafin su yi yawa ake farawa. Wanda ya ga dole sai maganin shago, ya fara nuna wa malamin gona, ya sa a karanta masa kwana nawa ake jira tsakanin feshi da tsinka, ya kuma kiyaye.

Idan shuka ta yanƙwane gaba ɗaya alhali ganyenta kore ne kuma ƙasa da danshi, a yanko guntun kara daga ƙasa a rataya shi cikin ruwa a kofin gilashi. In aka ga wani abu fari kamar zare yana saukowa daga yankan cikin 'yan mintoci, cutar ƙasa ce mai toshe hanyar ruwa. A cire shukar da ƙasar gindinta, kuma dangin tumatir su ƙaurace wa wurin shekaru. Idan kuma an tuge shuka mai rauni aka ga saiwarta ta yi ƙulli-ƙulli, wata tsutsa ce da ido ba ya gani. Yawan ruɓaɓɓen taki da sauya wuri suna rage ta. A nan mai buhu ya fi mai fangali sa'a, tunda zubar da ƙasar buhu ɗaya ba wuya.

Nuna da ci

Tigerella da Speckled Roman ja suke yi, ba sa ruɗa kowa. Green Zebra ne yake bukatar sabo: idan ya nuna, hasken koren da ke tsakanin ratsin yakan koma rawaya, ratsin ya zauna kore, in an ɗan matsa shi a tafin hannu a ji ya yi laushi. A tsinka da safe, a ajiye a inuwa, kada a tara su da yawa a kan juna. Wurinsu kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko a yanka da albasa a kan shinkafa da wake, ko a daka da ɗanyen barkono. Koren ba zai ba miya jan launi ba, uwargida ta san da wannan tun kafin ta ɗora tukunya. In Speckled Roman ya yi yawa, a yanka a shanya ya zama kauɗa. Iskar hunturu ta iya wannan aiki.

Ajiye iri

Duk abin da ya gabata, saboda wannan sashe ne.

Zaɓen iri a jikin shuka ake yinsa, ba a cikin kwano ba. Tun a Janairu ku zagaya lambu ku duba: wane gindi ne ganyensa bai nannaɗe ba? Wanne ne ya ci gaba da ƙulla 'ya'ya da zafi ya fara tasowa? Wanne ne ratsinsa ya fito sosai, ɗanɗanonsa ya yi muku? Ku ɗaura wa uku ko huɗu irin waɗannan jan ƙyalle, ku gaya wa mutanen gida cewa na iri ne. Kada a ɗebi iri daga shuka mai cuta ko da ɗanta ya fi kowanne girma, domin wasu cututtukan a jikin ƙwaya suke tafiya.

A bar 'ya'yan su nuna lugub. A yanka, a matse ƙwayoyin da ruwansu cikin kwalba ko kofi, a rufe da ƙyalle, a ajiye a inuwa kwana biyu, in da sanyi uku, ana motsawa sau ɗaya a rana. Zai yi tsami, ya yi wari, wata farar kumfa ta taru a sama. Haka ake so. Kowace ƙwaya tana cikin wani yauƙi da ke hana ta tsira, tsamin ne yake narkar da shi, yana kuma rage wasu ƙwayoyin cuta. Kada ya wuce kwana uku, in ba haka ba iri zai fara tsira a cikin kwalbar. Sai a ƙara ruwa a motsa: mai kyau zai nutse, holoƙo da dusa su taso, a tsiyaye su. A wanke har ruwa ya yi garau, a baza a faranti ko faifai a inuwa mai iska, ba a rana ba, har mako guda, ana murzawa don kada su manne.

Idan ya bushe ƙayau, a ƙunshe a takarda, a rubuta sunan iri da wata da shekara. Ga amfanin karatun da kuke yi. A sa ƙunshin cikin kwalba mai murfi tare da ɗan busasshen toka a ƙasa, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi. Irin tumatir da ya bushe sosai yana kai shekara huɗu da rai, amma zafi da danshin daminarmu suna rage masa kwana, don haka a sabunta shi duk shekara ko bayan shekara biyu.

Tunda fure shi yake yi wa kansa barbara, ba kasafai iri yake gaurayuwa ba. Duk da haka ƙudan zuma yakan ɗauki gari daga wannan ya kai wancan, saboda haka a raba iri da iri da tazarar taku biyar zuwa goma. Ratsi hali ne mai ɓuya: in mai ratsi ya haɗu da jan tumatir na kasuwa, 'ya'yan da za su fito daga wannan iri ba su da ratsi. To, duk gindin da ya ba ku tumatir sumul a baɗi, ku ci abinku, amma kada ku ɗebi iri daga gare shi.

Ba na yi muku alkawarin cewa shekarar farko za ta cika kwando. Iri ne baƙo, wasu gindin za su faɗi. Amma wanda ya rayu ya yi 'ya'ya a bayan ɗakinku ya nuna yana iya zama da ƙasarmu, kuma in ana ɗibar iri daga irinsa shekara bayan shekara, abin da ke hannunku zai fi wanda ya zo a takarda dacewa da Tamale. Irin aikin da masana suke yi ke nan a cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala a kan masara da wake da shinkafa, da manyan filaye da ma'aunai. Iyayenmu mata ma da haka suka riƙe irin kuɓewa da yakuwa tun kafin a buɗe shagon iri ko ɗaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Aiki

1. Malama Hajara tana so tumatirinta ya fara fure ranar 1 ga Disamba. A wane mako za ta dasa, a wane mako za ta zuba iri? Ku nuna lissafin.
2. Fangali mai tsawon mita 6, layi biyu, tazara santimita 60: gindi nawa zai ɗauka? In kowane gindi yana shan lita 2 a rana, lita nawa ke nan a mako?
3. Maƙwabcinku ya ga ƙasan tumatirinsa ya yi baƙi, yana shirin sayen maganin feshi. Me za ku ce masa?
4. Ku bayyana da bakinku bambancin iri mai aure da irin gado.

Sai aikin aji duka. Ku rabu uku-uku, kowace ƙungiya ta sami littafin rubutu guda, ta riƙa rubuta ranar zuba iri, ranar dashe, ranar furen farko da ranar tsinkar farko. Wanda bai sami mai ratsi ba a bana ya yi gwajin da duk tumatirin da ba a rubuta F1 a jikinsa ba, aikin ɗaya ne. A makon farko na Maris kowace ƙungiya ta zo aji da littafinta da ƙunshin irinta, a raba wa waɗanda nasu bai yi ba.